Hannun Ɗiyata da Na Ɗaure a Miƙe

Ni tsohuwa ce, ban yi karatu ba, faɗa nake yi ana rubutawa. Sa'ad da wannan abu ya faru jirgin ƙasa bai iso Gusau ba tukuna, ni kuwa ina da ƙuruciyata, ina aure a wani ƙauye kusa da Bungudu. Mace ce ni mai rawar jiki, wadda ba ta iya zama ta jira tukunya ta tafasa. Gidan da anka kai ni gidan maɗora ne. Uban mijina, da muke ce wa Baba, shi ke ɗori a yankin duka. Nakan leƙa ta bayan zana in gan shi yana tsaga karan dawa, yana jera wa mai karaya a ƙwauri, yana ɗaurewa a miƙe. Sai na ɗauka na ga ɗori ke nan gaba ɗayansa.

Wata shekara da kaka anka zo anka tafi da Baba Tsafe, wani babban mutum ya karye a cinya, sunka ce ba za su sake shi ba sai mutumin ya taka. Mijina kuma ya kora jakai da auduga zuwa Gusau, daga can ya zarce fatauci. Ran nan da hantsi na sa ɗiyata ta fari, tana shekara bakwai, ta hau rumbu ta miƙo mini dawa. Tsani ya zame, ta faɗo a kan gwiwar hannunta na dama. Kafin azahar wurin ya kumbura ya yi kamar tulu. Na shiga ɗaki na fito, na fito na shiga, na kai ƙofar gida na komo. Akwai wani maɗori a wani gari can gaba da mu, na san da shi. Amma ɗiyar fari ce, wadda ko sunanta ba na faɗa. In fita ina kuka a kanta, matan gari su ce ba ni da kunya? Kuma daga gidan maɗora a ɗauki karaya a kai wani gida? Sai na jawo ta ɗaki, na ja hannun ya miƙe tana ihu, na jera kara tun daga hammata har wuyan hannu, na naɗe da tsumma tamau.

Mu mata a wurinmu komai kwana arba'in ne, wankan jego arba'in, zaman makoki arba'in. Sai na yanke wa hannun nan arba'in shi ma. Ta yi ta roƙona in sassauta mata, tana cewa Inna hannun yana son ya lanƙwasa, ni kuwa ina daka mata tsawa, ina cewa in ta motsa shi zai sake karyewa. Maƙwabta in sun tambaya sai in ce ɗan targaɗe ne, in kau da zancen. Amma raina bai kwanta ba ko yini ɗaya. Ina daka ina duban hanyar Tsafe, ina kaɗi zare yana tsinkewa.

Baba ya dawo saura kwana biyu arba'in ta cika. Ya kwance tsumman da kansa. Ƙashi ya haɗe, kumburi ya saɓe, amma hannu ya tsaya kamar taɓarya. Ya shafa man shanu, ya gwada naɗe shi a hankali, hannu ya ƙi. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya zaunar da ni, ya kama nasa jikin yana nuna mini. Ya ce mini duba nan, ɗiyata, Allah bai yi gaɓoɓi iri ɗaya ba. Kafaɗa da ƙugu zagayawa suke yi ta ko'ina kamar muciya a tukunya. Gwiwar ƙafa da ta hannu kuwa kamar ƙyauren ɗaki suke, buɗewa da rufewa kawai, hanya ɗaya. Wuya juyawa yake dama da hagu don a yi sallama a salla. Wuyan hannu yana sunkuyawa yana karkacewa, babban yatsa yana gaida sauran yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ƙasusuwan ƙoƙon kai ne kaɗai anka kulle ba su motsi. Ya ce ƙwauri sanda ne, a miƙe ake ɗaure shi, amma gwiwar hannu a lanƙwashe ake ɗaure ta, a rataye a wuya, bayan 'yan kwanaki a fara kwancewa ana motsa ta kaɗan kaɗan, in ba haka ba ta manta aikinta. Ya ce na mayar da gaɓa ƙwauri. Wata uku yana gasa hannun da ruwan ɗumi yana murzawa, lanƙwasar da ya samu ba ta wuce faɗin yatsa biyu ba.

Hannun nan bai ƙara kai loma bakinta ba. Da hagu ta girma tana ci. Duk gidan biki da munka je sai an sami wata ta ce wace uwa ce ta bar yarinya tana ci da hagu, ni kuwa ina zaune a nan ina ji. In an shafa fatiha, hannu ɗaya take kaiwa fuska. Bayan ta yi jikoki na cire kunya na nemi gafararta. Ta yi dariya, ta ce haba Inna, ai duk garin ba wadda ta fi ta saurin miƙa hannu in ana rabon goro. Dariyar nan ta fi kuka yi mini ciwo.

To 'ya'yana mata, ku ji daga bakin wadda ta yi. Abin da kunka gani ta bayan zana ba ku iya shi ba. In yaro ya faɗi a kan gaɓa, ku ɗauke shi ku kai wa masu sani a ranar, ko na fari ne, ko duk gari za su yi da ku. Waɗanda na ji kunyarsu duk sun riga mu gidan gaskiya, ba wanda ya tuna. Ni kuwa har yau in an ajiye mana akushi ɗaya da ita, ba na iya ɗaga hannuna sai ta gama ci.