Daron Oga da Daron Malam Isyaku

Ku da kuka shigo aikin malamin gona kwanan nan, in kun ji ana cewa an taɓa ba ni takardar gargaɗi, gaskiya ne. Ranar da na jawo ta ba ta taɓa fita raina ba, kuma ko kaɗan ban yi nadama ba.

A lokacin ni ke kula da sitonmu na iri a wani ƙauye wajen Tsanyawa. Manoma ne ke noma mana irin wake, mu adana, gab da damina mu ɗauki mutane su tsince shi, a fitar da mai ƙwaro da tsamurarre kafin a raba wa jama'a. Cikin masu tsintar akwai Malam Isyaku, dattijo, makaho tun haihuwa. Yakan murza ƙwaya a tsakanin yatsunsa, in bai gamsu ba ya sake ta cikin tasa ya saurara. Waken da ƙwaro ke ciki bai huda ya fito ba tukuna, ido sai ya ga lafiyayye, shi kuwa gefe zai ture shi. Da aikin nan yake riƙe iyalinsa, kuma yana taƙama da cewa bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Sai aka turo mana sabon jami'in shiyya daga Kano, Malam Tijjani, wanda ya fi ni da mataki biyu, muna ce masa Oga. Ya duba sunayen masu tsinta, ya ja layi a kan na Malam Isyaku.

"Malam Habu, wannan aikin ido ne," in ji shi. "Mutumin da wani ɓangare na ƙwaƙwalwarsa ke kulle tun haihuwa, me zai tsinta?"

A gaban dattijon fa ya faɗa. Malam Isyaku ya laluba sandarsa ya fita. Wallahi raina ya ɓaci. Amma ni ba na musu da na sama, shirya musu nake yi.

Aka yi dace 'yata Hauwa mai karatun likita tana gida hutu. Da na ba ta labari sai ta yi dariya.

"Baba, ta wajen ƙeya ƙwaƙwalwa ke sarrafa gani. Wanda aka haifa makaho, wurin ba ya zama haka nan, taɓawa da ji ne suke shiga su kama aiki a ciki. Ba kai kake cewa a ƙasar nan ba a barin gona saura ba, in mai ita bai zo ba maƙwabta sun nome ta? To, haɗa wannan da shekarun da ya yi yana murza wake."

Ran Litinin na je gaban Oga na rusuna, na ce, "Ranka ya daɗe, tunda sababbi za a ɗauka, da ka nuna musu yadda ake tsinta a ilimance." Maganar ta yi masa daɗi. Ya naɗe hannun riga, ya gyara tabarau, ya tsince kwano guda ana kallo. Daga buhun da ya ɗiba na ɗebi wani kwanon na kai wa Malam Isyaku gida ya tsince.

Sannan na haɗa gwajin tsiro. Ga wanda bai sani ba, ƙwaya ɗari ake shukawa cikin daron yashi mai damshi, a jira mako guda a ga nawa suka fito. Na yi daro biyu, na gaya wa Oga ɗaya nasa ne, ɗaya na makahon, don a sami hujjar sallama a rubuce. Ƙa'ida ita ce a rubuta suna a jikin daro. Ni a ƙarƙashi na rubuta.

Da mako ya cika Oga ya zo, masu tsinta suka taru, har da Malam Isyaku. Daro ɗaya ya cika kore shar, ɗayan kuwa tsilli-tsilli kamar kan mai sanƙo. Oga ko suna bai nema ba, ya nuna na biyun da biro.

"Kun gani ko? Wanda ya tsinci wannan kada ya ƙara taka siton nan. Malam Habu, rubuta."

Na rubuta tsaf, ya sa hannu. Sannan na ce, "Ranka ya daɗe, a duba sunan don cika ƙa'ida." Na ɗaga daron sama, ya sunkuya ya leƙa, ya daɗe a sunkuye.

"Na ji shiru," in ji Malam Isyaku. "Lafiya?"

Ba zan ci haƙƙin Malam Tijjani ba, nan take ya mayar da sunan Malam Isyaku cikin masu tsinta da hannunsa, ya ce, "Baba, ka yafe ni. Yaya kake yi ne?" Na yi wuf na kawo bayanin Hauwa. Malam Isyaku ya shafa ƙeyarsa, ya ce ashe aron gona ya bayar bai sani ba. Sai ya juya wajen da muryar Oga take.

"Ranka ya daɗe, alfarma nake nema. Mai wancan daron kada a kore shi. Yaro ne, zai koya. A riƙa turo mini shi da safe."

Bayan kwana uku takardata ta iso, laifina rubuta suna a inda bai dace ba. Tana nan cikin akwatina. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a aikinmu iri ba a yanke masa hukunci sai an ba shi yashi da ruwa, to ku yi wa mutane ko da wannan adalcin ne. Malam Tijjani kuwa ya je wajen Malam Isyaku, safiya huɗu.