Yatsan Baba a kan gilashi

Duk wanda ya tashi a unguwar Nima ya san jirgin sama da kunne kafin ya san shi da ido. Filin jirgin ba nisa, in ya taso sai mu dakata da hira har ya wuce. A wurinmu ƙara ce kawai. Babana kuwa sai ya ajiye kofin koko, ya karkata kai, ya ce wannan matuƙin ya yi saurin sauke filaf. Filaf shi ne faifan nan na bayan fiffike, wanda ake saukewa mataki-mataki don jirgi ya rage gudu bai faɗo ba. Tun ban iya ɗaura zani ba na san wannan.

Kuruciyarsa duk a aikin sojan sama ta ƙare, yana gyaran agogunan da ke gaban matuƙi, na gudu da na tsawo da na mai. Bai taɓa tuƙa jirgi ba ko sau ɗaya. Abin da ya fito da shi daga aikin shi ne wata ɗabi'a: ba ya yarda da allurar agogo sai ya ƙwanƙwasa gilashin sau biyu da yatsa, wai allura takan maƙale ta yi wa mutum ƙarya da fuska a sake. Mitar wutar gidanmu ta sha yatsan nan. Sikelin mai nama a kasuwar Malam Atta ma ya sha, ni kuma ina gefe kamar ƙasa ta tsage in shige. Maganata ma haka ya ɗauke ta. In na ce ruwa ya tafasa sai ya tashi ya leƙa tukunya, ya ce gani ya kori ji. Abin yana min ciwo, ban taɓa gaya masa ba.

Bayan na yi aure muka buɗe ɗan shagon kwamfuta a Maamobi, ni da maigidana, lokacin da samari ke layi don shiga intanet. Wani mai zuwa wurinmu ya sa mana wasan tuƙin jirgin yaƙi a kwamfutar kusa da ƙofa, muka samo sandar tuƙi ta hannu. Baba ya biyo wata rana bayan la'asar, ya tsaya a kan masu wasan yana taɓe baki, ya ce shirme ne. Kafin magariba shi ne a kujerar.

A sama ba wanda ya kai shi. Ya san aikin kowace allura, yana yi wa samari bayani suna sake baki. Sauka ce ta gagare shi. Da ya hango titin jirgi ya sauke filaf matakin farko, sai ya ce bai yarda ba, allurar gaskiya rarrafe take yi, wannan kuwa tsalle ta yi. Sai ya saki sanda ya miƙa yatsa ya ƙwanƙwasa gilashin kwamfutar. Kafin ya dawo da hannu jirgi ya ci ƙasa. Kullum haka, wata da watanni, har wurin ya yi tabon yatsa da nake gogewa kowace safiya.

Sabo turken wawa, in ji mutane, amma wa ya isa ya faɗa a gabansa? Ni dai rannan haƙurina ya ƙare na ce, "Baba, hoto ne fa. Ba allura a ciki da za ta maƙale."

Ya dube ni, ya ɗauki hularsa ya fita. Kwana uku bai leƙo ba. Na yi ta cika ina batsewa ni kaɗai, ga kewarsa ta dame ni.

Ashe ba fushi kaɗai ba ne. Innata ce ta faɗa min sun je asibiti, likita ya ce ganinsa yana tafiya kuma ba zai dawo ba. Sai a lokacin na gane dalilin da yake kai hancinsa har jikin gilashi.

Da ya dawo ya zauna, ya shafa sandar. Ya ce duk rayuwarsa yana shirya wa wasu sauka, yana so shi ma ya sauke nasa sau ɗaya kafin duhu ya rufe. Titin yana hango shi dishi-dishi, allurai ne ba ya gani ko kaɗan.

"Jawo kujera," ya ce. "Ki karanta mini. Abin da kika gani shi za ki faɗi."

Na zauna a gefensa. Na riƙa faɗin gudu da tsawo, shi yana rage wuta. Ya sauke filaf matakin farko, ya tambaya ko ya sauka, na ce ya sauka. Na ga yatsansa ya ɗaga daga kan sanda, ya tsaya a iska, ya koma. Mataki na biyu bai ma tambaya ba sai da na faɗa. Ya saki tayoyi. Na ce gudu ya ɗan yi yawa, ya rage ba musu. Jirgin ya taɓa ƙasa, ya yi tsalle ɗaya kamar akuya, ya zauna, ya gangara har ya tsaya.

Shagon ya daɗe da rufewa, waya ta kashe kasuwar, yanzu mai ɗinki ne a ciki. Baba ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Har yau in jirgi ya ratsa ta kan Nima sai in tsinci kaina ina karkata kai.

Ranar da ya sauka ɗin bai yi murna irin ta samari ba. Ya lalubo fuskata da hannu, ya ƙwanƙwasa goshina sau biyu da yatsan nan nasa, a hankali.

"Wannan ba ya maƙalewa," ya ce.