Dabinon Baba da Na Kai Ƙara Badar

Laifina ne, gara in faɗa tun daga farko. Da na ja bakina na yi shiru, da har yau dabinon Baba yana inda zai miƙa hannu ya taɓa shi.

Baba maƙwabcina ne a unguwar Bani Harisa, tela, Bazazzage da ya tsufa a Madina. Ni Bakano ne, direban motar da ke ɗauko dabino daga gonakin Badar zuwa shagunan Uhudu, don haka tsokana ba ta ƙarewa a tsakaninmu. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ita ta dasa dabinon a ƙofar gidan da suke haya, ta raine shi da ruwan alwala. Bayan rasuwarta, a gindinsa Baba yake shan shayin la'asar.

Wata safiya muka ga an shafa wa dabinon jan fenti. Za a faɗaɗa titi.

Matata ta ce, "Ku je baladiya, hukumar gari. Titi da shara da itatuwan bakin hanya duk aikinsu ne."

Na ce, "Ke me kika sani game da mulki? Ni ƙanen kakata ya taɓa riƙon unguwa."

Na zaunar da Baba na tsara masa ƙasar Saudiyya kamar ni na raba ta. Umda shi ne mai unguwa, shehin ƙabila shi ne hakimi. Magana daga ƙasa take hawa, kuma ba a zuwa hannu sake. Baba ya fi ni daɗewa a garin, amma duniyarsa keken ɗinki da Harami ce, bai taɓa taka wani ofis ba sai na iƙama, wato takardar izinin zama. Ya ce, "To, Bakano, ja mu je."

Umdan unguwarmu ya karɓe mu da gahawa. Ya saurare ni har na gama tauna Larabcina, sannan ya ce aikinsa ya shaida wane yana zaune a gida kaza, ya kuma taimaka wa hukuma da sanin mutanen unguwa. Ya ce, "Wannan dattijon na san shi. Amma dabino ba shi da iƙama. Ku je baladiya."

A mota Baba ya ce, "Na ji kamar ya ce baladiya fa."

"Haka manya suke yi, Baba. Ba zai ƙetare na sama da shi ba. Kunya ce."

Kafilina, wato ubangidana da ya tsaya mini a ƙasar, mutumin Badar ne, kuma shehin ƙabilarsu kawunsa ne. Na yi ta yi masa naci har ya samo mana rana, ranar kuwa ba ta zo da wuri ba. Kullum matata sai ta leƙa ta taga ta ce, "Ranka ya daɗe, motar rusau ta ƙara matsowa." Ni kuma in ce manyan al'amura ba a yi musu gaggawa.

Muka kama hanyar Badar, Baba da sabuwar riga, ni da ƙullin goro. Shehin ya sa aka kawo shinkafa da nama. Ya gutsiri goron, ya yamutsa fuska, ya haɗiye don kara. Da na kawo ƙarata sai wani tsoho a majalisar ya fara dariya har da tari.

Shehin ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu. Shi sulhu yake yi tsakanin mutanensa, ya kuma shaida cewa wane ɗan wane ne. Ko a nan Badar, in ji shi, akwai muhafiz da ke riƙe da garin da ƙauyukansa, shi ma yana ƙarƙashin Imara, wato fadar gwamnan yanki, da ke can Madina. Titi kuwa ko na ƙofar gidansa ne, baladiya zai je ya roƙa. Ya ce, "Ka baro Madina ka zo Badar neman abin da ke Madina?"

Da muka hau kwalta, Baba ya juyo ya ce, "Bakano, naman dai ya yi daɗi."

Muka iso gida muka tarar da rami a ƙofar Baba, babu dabino.

Washegari na je baladiya, wadda ko mota ba a buƙata daga gidanmu. Ma'aikacin da na tarar ya ce ba a sare dabino, ciro shi ake yi da saiwarsa. Da mai shi ya zo tun da aka shafa fenti, da an mayar masa da shi cikin tsakar gida. Yanzu kam an dasa shi tare da sauran a tsakiyar wani babban titi wajen Uhudu, ya zama na gari.

Na koma gida na faɗa wa matata. Ta dai zuba mini abinci tana kirana Mai Unguwa, har yau kuma ba ta daina ba.

Ranar Juma'a na ɗauki Baba muka bi titin a hankali, motoci suna yi mini ham. Dabinai ne a jere, duk an ɗaure musu kai. Can sai ya ce, "Tsaya. Ga shi." Ya gane shi da ƙusar da marigayiya ta kafa don igiyar shanya. Babu wurin ƙetarawa, sai daga gefen hanya muka tsaya muna kallo.

Ya ce, "Ka ga ya samu ci gaba. Ya zama ma'aikacin gwamnati." Ya yi dariya, amma ya ɗauki gefen rawaninsa ya goge ido.

Na daɗe ina neman yadda zan ɗora wa wani laifin, ban samu kowa ba. Na kashe motar na ce, "Baba, ban san komai ba, na ce na sani. An faɗa mini gaskiya a gida, an faɗa mini a gaban umda, na toshe kunne don kada a ce Bakano bai iya ba. Ni na raba ka da inuwarta. Duk Juma'a zan kawo ka nan, da shayinka. Don Allah ka yafe mini."