Noelene da 'Ya'yan Watul

Noelene Pascoe ta daɗe tana tuƙa motar 'yan makaranta a ƙauyukan noman alkama da ke arewa da Perth. Da ta ajiye aiki, zaman gida ya ishe ta. Sai ta je wurin Ray, wani manomi da ya bar guntun daji bai share ba, ta roƙi izinin tsintar 'ya'yan itatuwa. Ray ya ce ta kwashe duka ma.

Ta dawo aljihu cike da 'ya'yan watul, wani itace dangin bagaruwa, baƙaƙe masu sheƙi. Ta shuka su a tsofaffin gwangwanaye, ta yi ta ban ruwa, shiru kake ji. Mijinta Des, wanda bakinsa ba ya hutawa, kullum sai ya tambaye ta yaya tsakuwarta ta kwana, wai tsakuwa ta shuka.

Anti Beryl, wata dattijuwa da suke ɗinki tare, 'yar ƙabilar Nunga, mutanen asalin yankin, ita ta ce mata ɓawon irin tauri gare shi, a daji zafin gobara ke fasa shi.

"Tafasa ruwa ki zuba musu, 'yar'uwa, su kwana a ciki."

Noelene ta ji tsoron kada ta dafa su, amma ta yi. Gari na wayewa ta tarar sun kumbura, ta shuka. Wata safiya tana riƙe da kofin shayi ta ga ƙasa ta tsage, ɗan tsiro ya leƙo da ɓawonsa a ka kamar hula. Nan ta tsuguna har shayin ya huce.

"Des, fito ka gaida tsakuwa."

Ya duƙa ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai ciyawa yake gani. Amma kafin yamma ya kafa wa gwangwanayen rumfa.

Daga nan abin ya zame mata jiki. Wasu suka tsiro, wasu dodon koɗi ya cinye, zafin Janairu, wato bazarar can, ya ƙone wasu. Waɗanda suka rayu ta raba wa maƙwabta, sauran ta dasa a gefen filin ƙwallo. Yanzu sun fi ta tsawo, idan sanyi ya ja baya sai su yi fure rawaya, ƙudan zuma su cika wurin da ƙara.

Akwai wani ɗan fure shuɗi da har yau ya ƙi tsiro mata. Ta gwada jiƙo, ta gwada hayaƙi. Bana, in ji ta, toka za ta gwada.