Irin Gida Bakwai a Kan Dutse

Shekarun baya na yi kwana arba'in da 'yan kai a kan dutse, a bakin wani tafki, ina gadin irin shuka na gida bakwai. Na sauko da shi, an shuka. Labarin ke nan. Sauran duk bayani ne.

Shekarar fara ce. Ta sauka mana gero na cikin fitar da kai, abin da muka tsira da shi bai kai mu tsakiyar rani ba. Unguwarmu gida bakwai ce a yamma da Ɗanbatta, gona jingine da gona. Kafin bazara dusa muke ci da ganye. Amma kowane gida ya ɓoye irinsa bai taɓa ba. Ana cikin haka labari ya zo cewa mahara na tafe daga arewa, suna kama mutane suna ƙone rumbuna. Kawuna, wan mahaifiyata, shi ne mai unguwa. Ya tara magidanta ya ce kowa ya tattara, za a shiga garin ganuwa.

Mahaifiyata ta yi magana daga bayan danga.

"Yaya, mutane su shiga. Iri kam ba zai shiga ba. Wanda ya kai hatsi cikin mayunwata, jaka kawai zai fito da ita."

"To mu binne shi," in ji Kawu.

"Gara ta ci rabi, mahara su soka mashi su tono rabi."

Sai ɗan Kawu, taubashina, ya ce ya san wuri. Ya taɓa bin mafarauta cikin duwatsun wajen Kazaure, kuma a kan ɗaya daga cikinsu akwai tafkin da ba ya ƙafewa. Doki ba ya hawa wurin. Kawu ya dube shi ya ce, "Ruwa a kan dutse? Tun da nake, gangara na san ruwa yana yi." Amma ba wanda ya kawo wata dabara. Aka ce ya tafi, a haɗa shi da ni. Shi ya san hanya, ni ina da wuyan ɗaukar kaya, kuma ba ni da mata da za ta yi kuka.

Kowane gida ya zuba irinsa a jakar fata. Mahaifiyata ce ta ɗaure bakin jakunkunan da igiyar rama, da wani ƙulli nata da ba wanda ya iya. Ni ɗan fari ne. Ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta kallon fuskata, yabo kuwa ban san shi a bakinta ba. Ta gama ɗauri, ta dubi taubashina ta ce, "Ka gaya wa wancan, wanda ya ci iri ya ci baɗi."

"Na ji, Gwaggo. Ai bawana ne, zan kula da shi."

Haka yake kirana tun muna yara, don ni ɗan mace ne shi ɗan namiji. Aka yi da mu cewa in hanya ta yi lafiya za a turo mutum gindin dutsen ya kira mu.

Kwana biyu muka yi a hanya da jaki. Muka bar jakin a wurin wasu Fulani da ke zaune a gindin dutsen, muka ɗora kaya a kai. Ni mutumin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Abu mafi tsawo da na taɓa hawa kuka ce. Da muka yi rabi na waiwaya, na hangi shanun Fulanin kamar tururuwa. Sauran hawan da rarrafe na yi shi. Taubashina na gaba yana cewa, "Rarrafa, bawana. In ka isa sama sai mu yaye ka."

Sawu biyu muka yi kafin kayan su hau. Kuma tafkin na nan. Wani kwari ne a tsakiyar dutse, duwatsu sun kewaye shi kamar bakin tukunya. Ruwan baƙi ƙirin, ga sanyi har haƙori ke amsawa. Bado ya rufe gefe guda. Ba gida, ba gona, ba sawun mutum. Iska kawai, ba ta tsayawa. A ƙasa bazara na gasa mutane, mu a nan muna lulluɓe da gwado.

Na dubi wurin da idon manomi. Na ga wani fili mai yashi dab da ruwa, a kwance, iska ba ta kai masa. Na ce nan ne gida. Muka sari itace, muka yanki ciyawa, muka kafa bukka, muka jera jakunkunan a ciki. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Ashe a kan hanyar masu wurin muka zauna. Da hantsi muna can gefe muna tonon bado, sai muka ji hayaniya. Birai ne, manya, garke guda, sun zo shan ruwa sun tarar da ɗaki. Kafin mu iso, babban cikinsu ya fito da jaka ɗaya a hammata. Na bi shi da majajjawa. Ya hau wani dutse da ko ƙadangare sai ya yi shawara, ya zauna, ya yage jakar da haƙori. Ina tsaye ina kallo suna damƙa suna watsawa. Abin da ya zube ya shige tsagar dutse.

Na koma na duba sauran. Ta gidanmu ce suka ɗauka.

Taubashina bai yi mini ba'a ba ranar. Da ya yi, da na fi samun sauƙi.

Na zauna na yi tunani. Ban san dutse ba, ban san biri ba. Rumbu na sani. A can sama akwai wani kogo da dutse ya yi masa rumfa. Muka kwashi yumɓu a bakin tafki, muka cuɗa da ciyawa, na jera duwatsu a ƙasa, na gina ɗan rumbu iya ƙirjina. Kwana huɗu yana bushewa, ɗayanmu na zaune a kan jakunkuna da sanda. Sannan na zuba toka, na sa jaka shidan, na liƙe bakin da laka. Muka tashi daga yashin muka koma bakin kogon. Biran sun zo sun shinshina, sun mammare shi, sun gaji sun tafi.

Daga nan sai zama. Da ƙyastu muke kunna wuta, a cikin kogo, don kada a hangi hayaƙi. Guzurinmu garin gero ne kaɗan da ƙuli-ƙuli, bai wuce kwana goma sha biyu ba. Bayan shi sai bado. Mu tono, mu gasa, mu ci. Wani lokaci in sami rema da majajjawa, wannan ɗan naman da ke zama a tsagar duwatsu. Sau ɗaya muka sami zuma. Sannan badon da hannu ke kaiwa ya ƙare, remar ta gane mu. Kullum sai ɗayanmu ya leƙa gindin dutse. Ba kowa. Har Fulanin sun tashi.

Taubashina ya rame, wuyansa ya zama kamar kara. Wata rana ya zauna yana kallon rumbun.

"Bawana."

"Mene ne?"

"Tafi ɗaya. Daga kowace jaka tafi ɗaya. Wa zai sani?"

"A'a."

"In mun mutu a nan wa zai kai musu? Biri?"

"Ba mu mutu ba."

"Kai dai dutse ne. Shi ya sa wurin ya karɓe ka."

Na ce masa in ya taɓa rumbun zan karya masa hannu. Da gaske nake. Ya san da gaske nake.

Kwana uku bayan haka ya tafi neman kanya, ya bar ni gadi. Rana tsaka. Cikina ya daina ma ƙugi, sai jiri. Ina jingine da rumbun, sai na ji kamar ƙamshin gero na fitowa ta cikin laka. Ban san lokacin da na zaro wuƙa ba. Na sa tsininta a bakin liƙin, na fara ƙwaƙula. Laka ta fara zuba.

"Sannu da aiki, mai karya hannu."

Yana tsaye a bayana da 'yan kanya a cikin hula. Na rasa inda zan sa fuskata. Ya zauna ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya huce ya miƙo mini hular ya ce, "Ci wannan. Kawo wuƙar in riƙe maka." Na ba shi. Ya je ya ɗebo yumɓu da kansa ya toshe inda na ƙwaƙule. Daga ranar bai sake roƙon tafi ɗaya ba. Ni ma ban sake yi wa kowa barazana ba.

Sai wata safiya hadari ya haɗo daga gabas. Daga kan dutse ana ganin ƙasa har inda ido ya ƙare. Muka ga ruwa ya sauka kamar baƙin zane, yana tafe, ya rufe wajen garinmu. Sannan ya iso mu. Duk duwatsun suka zama magudana. Filin yashin da na zaɓa da farko, ruwa ya shafe shi da bukkar gaba ɗaya. Rumbun na cikin kogo, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Na ce, "Ruwan shuka ne."

"Ba a turo kowa ba."

"Ƙasa kwana uku take riƙe laima. Hanya kwana biyu ce."

"In maharan na nan fa?"

"In suna nan, suna nan."

Na fasa rumbun da gatari. Muka naɗe jakunkunan a gwadunanmu. Dutse ya jiƙe, santsi kamar an shafa masa kuɓewa. Da gindi muka sauko, ni ina ƙasa, shi yana zuro mini kaya da igiya. Na bar fatar gwiwata da ta tafin hannuna a wurin. Ba jaki. Na ɗauki huɗu, ya ɗauki biyu. Mun wuce ƙauyuka biyu da aka ƙone. Ba mu tsaya ba. Inda ya faɗi in tashe shi, inda na faɗi ya zage ni har in tashi.

Rana ta biyu da la'asar muka hango kukar unguwarmu. Rumbuna duk sun zama toka. Mutane sun dawo daga garin ganuwa, kwanansu huɗu. Kawu ya tura mutum, ya je wani dutsen daban, ya dawo ya ce bai gan mu ba. Wasu suka ce an kama mu. Wasu suka ce mun cinye mun gudu. Magidanta na zaune a gindin kuka, ga ƙasa jiƙe, ba abin sa mata.

Mutum ɗaya ce a gona. Mahaifiyata. Ta ɗauki sungumin mahaifina marigayi tana saran shuka, rami bayan rami, layi bayan layi. Tun jiya take yi. An ce mata ta bari, babu iri. Ta ci gaba da sara. Ta sare fiye da rabin gonarmu.

Muka sauke kaya a gindin kuka. Kawu ya tashi yana ta hamdala. Aka kira ta. Ta zo da sungumin a kafaɗa, ta tsuguna, ta bi jakunkunan ɗaya bayan ɗaya tana shafa ƙullinta. Duk yadda ta ɗaure su. Ta kai ta shida ta tsaya.

Na ce, "Inna, tamu ce babu. Biri ya ɗauka. Ni na ajiye ta a inda bai kamata ba."

Ba ta dube ni ba. Ta miƙe za ta koma. Sai wani tsoho maƙwabcinmu ya kwance jakarsa ya ce a kawo ƙwarya. Ya zuba. Na biye da shi ya zuba. Gida shida duk suka zuba, har ƙwaryar ta fi abin da biri ya ci. Kawu ya ce, "Gonar da aka riga aka sare, da ita za a fara." Kafin rana ta faɗi mata da yara sun bi ramukan nan suna jefawa suna takewa da diddige. Washegari aka yi sauran gonakin.

Da yamma ta dama kunun dusa, ta miƙa wa taubashina ƙwarya biyu. Ta ce, "Ka ba wancan babbar."

Iyakar abin da ta ce a kan maganar ke nan, har ta bar duniya. Ban nemi ƙari ba. Na ga ramukan.

Damina ta yi kyau a shekarar. Ba gidan da ya tashi daga unguwarmu.

Mutane na cewa ni mai taurin zuciya ne, shi ya sa iri ya dawo. Ina barinsu su faɗa. Amma na san ranar da zuciyar ta karye, kuma na san wanda ya riƙe mini wuƙa. Abin da na koya ke nan: ba a tura mutum ɗaya gadin abin da yake jin yunwarsa. Taubashina bai taɓa gaya wa kowa ba. Sai dai duk sanda na ɗaga murya a cikin taro, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Bawana, in riƙe maka wuƙar?" Sai in sauko. Ya rasu shekara uku ke nan, shi ya sa yau na faɗa da bakina.

Ban sake hawa dutsen ba, ba kuma zan sake ba. Ina nan a unguwar, a gidan da aka haife ni. Idona ya yi rauni, jikoki ke yi mini noma. Geron da ke cikin rumbuna jikan wancan ne. Kowace kaka ni nake ware iri, ni nake ɗaure bakin jakar, da ƙullin Inna.