Jandarman da Ya Shiga Rijiya a Kwarin Tarka

Habila ɗan Dawuda bai yi kama da jandarma ba, kuma abin ya daɗe yana ba shi haushi. Gajere ne, ga ƙaramar murya, in ya daka tsawa sai ka ce awaki yake kira. Ɗan manomi ne daga wani ƙauyen Kiristoci kusa da Maraɗi. Ya sa kaki a farkon shekarun saba'in, aka turo shi Tanut shi da matarsa Hulda da akwatinsu guda.

Aikin ba na jin daɗi ba ne: bin sawun ɓarayin raƙuma a daji, shiga tsakanin manoma da makiyaya in shanu sun faɗa gona, ɗauko gawa a hanyar Agadas. An taɓa saransa da takobi a cinya wajen rabon faɗa, ya daɗe yana jan ƙafa, ba wanda ya leƙo gaishe shi sai ƴan majami'arsu. Ba shi mutanen wannan ƙasa ta Damargu suka ƙi ba, kakin suke gudu. Motar jandarma na tsayawa, hira sai ta mutu, kowa ya tuna yana da aiki a wani wuri.

A bazarar 1979, suna dawowa daga sintiri shi da abokin aikinsa Sulemanu, motarsu ta yi zafi, suka ratse wata rijiyar makiyaya a kwarin Tarka don su zuba mata ruwa. Rijiyoyin wannan yanki zurfi gare su na ban tsoro. Ba a jan guga da hannu. Raƙumi ake ɗaura wa igiya, a kora shi ya yi nisa, sannan guga ya ɓullo. Amma ran nan raƙuma na tsaye, igiyoyi na kwance, komayen ban ruwa sun bushe, shanu sun yi cincirindo suna ta kuka.

"Lafiya kuka tsai da ban ruwa da tsakar rana?" in ji Habila.

"Lafiya lau, Shef," wani dattijo ya amsa. "Hutawa muke."

Hutawa! A bazara, dabbobi na kukan ƙishirwa! Ko ƙarya ba su iya ba, bayin Allah. Abin da ya faru shi ne, da safe wani saurayi Bafulatani mai suna Dado ya sauka ya yashe rijiyar, don rairayi ya cinye ruwan. Ya kwance igiya daga ƙugunsa don ya yi aiki, daga nan ba a ƙara jin motsinsa ba. Wanda ya bi shi bai kai rabi ba ya yi ihu a fito da shi, wai iskar ciki ta shaƙe shi. Suka ɗauka Dado ya cika. Da suka hango mota kuwa, sai suka haɗa baki a yi shiru, don a ganinsu jandarma na jin akwai gawa zai rufe rijiya har a zo bincike daga Tanut, kafin nan garke ya ƙare. Kada a yi saurin zaginsu. Fari bai daɗe da kwashe musu dukiya ba.

Uwar yaron, Aishatu, ita ta fasa. Ta ture maza, ta zube gaban Habila.

"Shef, ɗana na ciki. Sun ce ya mutu. Ni na ji tarinsa!"

"Tashi, Inna," in ji shi.

Ya kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, ya kasa kunne. Can ƙasa ya ji wani abu, ko nishi ne ko ɗigar ruwa, bai tabbatar ba. Ya miƙe, ya kwance bindigarsa ya miƙa wa Sulemanu, ya ce ya ruga Balbeji ya ɗauko malamin asibiti.

Sulemanu ya ja shi gefe. "Kanka ɗaya? In tafi in bar ka a rami? Dubi wanda ke riƙe da raƙumin can."

Habila ya duba. Aghali ne, wani dogon Buzu da Habila da hannunsa ya ɗaure bara kan rikicin gona, ya yi watanni a kaso. Idanunsa kaɗai ake gani a cikin rawani, kuma ba fara'a a cikinsu.

"Na gan shi," in ji Habila. "In ka tsaya, wa zai kawo magani? Tafi."

Ya tuɓe rigar kakin, ya jiƙa ta da ruwan salka, ya ɗaure hanci da baki. Aka ɗaura masa igiya, aka zura shi. Haske ya dinga tsukewa a bisansa, wari ya taso, kansa ya fara sarawa. A ƙasa ya lalubo Dado zaune cikin laka har ƙirji, jikinsa sanyi ƙalau, amma yana numfashi. Igiyar kaba ce, ta sha aiki, ba za ta ɗauki mutum biyu ba. Habila ya kwance ta daga jikinsa, ya ɗaure yaron ta ƙarƙashin hamata, ya girgiza ta.

Aka kora raƙumi. To, raƙumi guga ya sani, kuma guga bai damu da bango ba. Dado ya yi sama a guje, Habila na jin jikinsa na bugun gefen rijiya, ƙasa na zubo masa a ka. Ya yi ihu a sassauta, ba wanda ya ji shi.

Sai shiru. Ya tsaya cikin laka ba igiya, ba bindiga, ba abokin aiki, yana kallon bakin rijiya kamar bakin tulu. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Sun samu nasu; me zai sa su ciro jandarma? Ya tuna fuskar Aghali ranar da ya sa masa ankwa a gaban ƴaƴansa. Ya fara addu'ar da uwarsa ta koya masa, ya kasa kai ƙarshenta, ya sake farawa.

Can sai igiya ta taɓa masa kafaɗa. Da ƙyar ya ƙulla ta, ya rufe ido yana jiran bango ya fasa masa kai. Amma sai ya ji yana tashi a hankali, a hankali, kamar uwa ta ɗauki jariri mai barci. Sau ɗaya igiyar ta zame, ya yi ƙasa da gudu, sannan ta tsaya cak. Daga nan bai ƙara sanin inda yake ba.

Da ya buɗe ido, yana kwance a inuwar raƙumi, Aishatu na ɗura masa madara, Dado na gefe da kai a fashe, yana tari. Habila ya ɗaga kai ya ga abin da har ya tsufa in ya tuna sai tsigar jikinsa ta tashi. Tun daga bakin rijiya har ƙarshen turbar raƙumi mutane ne a jere, Fulani da Buzaye da manoma, maza da mata, har da tsofaffi, kuma igiyar da ke kwance a gabansu ta yi ja da jini. Ashe da Aghali ya ga yadda bango ya yi wa Dado, sai ya kwance raƙuminsa ya ce, "Wannan ba guga ba ne. Da hannu za mu ja shi." Tara mutanen shi ya kawo jinkiri. Da gungumen bakin rijiya ya goce, igiyar ta gudu a tafukansu tana cin nama, ba wanda ya saki.

Aghali na tsugune yana naɗe hannu da gefen rawani.

"Ku ba dabbobi ruwa," Habila ya ce da shi.

A Tanut kumandan ya wanke shi tas don ya rabu da bindiga, lambar yabo kuwa ko a mafarki. Ƙirjinsa bai koma daidai ba. A tsakiyar shekarun tamanin tari ya sa ya ajiye aiki, ya zauna nan yana noman gero.

Wata ranar kasuwa yana tsaye da Hulda wajen masu nono, wata Bafulatana ta tsura masa ido. Ta ajiye ludayi, ta buɗe masa tafin hannunta, ga tabo fari ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe. Habila ya cire hularsa, hawaye na zubo masa a tsakiyar kasuwa.

"Wace ce?" in ji Hulda.

"Ban san sunanta ba," ya ce. "Tana cikin waɗanda suka riƙe ni."