Iska a Cikin Tayar Tarakta

Shekarar da yaƙi ya watsa mutanen Khartum, ƙanena ya sauka gidanmu a Gadarif da matarsa da 'ya'yansa da kayan jikinsu. A can, aikinsa a kamfanin lemon kwalba ne, sashen da ake ɗura wa ruwa iska har ya riƙa tsikarin harshe. Ni kuwa sana'ata kisra: in dama garin dawa, ya kwana ya yi tsami, da safe in toya in kai kasuwa.

Wata rana yana shan gahawa a ƙarƙashin rumfa, sai ya ƙura wa ƙulluna ido yana kallon yadda yake kumfa.

"Yaya, kin san dukiya kike bari tana tashi sama?"

"Wace dukiya?"

"Iskar nan. Ita ce ake kawo mana a manyan motoci a kamfani."

Ya nuna mini a wayarsa wasu Turawa masu ƙananan gidajen giya, wai sun daina barin iskar da ke fita daga tukwanensu ta tafi banza, suna tarewa su sake amfani da ita.

Na ce, "Masu giya fa ka ce."

Ya ce, "Su giya suke so, iska ce rararsu. Mu iskar kawai muke so."

Ban tambaye shi mene ne zai zama rararmu ba, shi ma bai faɗa ba.

Ƙulluna bai ishe shi ba, sai ya samo ganga ya cika ta da tsiron dawa da sukari da yis, ya toshe bakinta. Ya ja tiyo daga gangar zuwa kwalbar ruwa, daga nan zuwa gwangwanin gawayi don ya tsotse wari, daga nan zuwa tsohon tub na tayar tarakta da maigidana ya kawo daga gonar da yake aiki wajen Ƙala'at an-Nahal. Tub ɗin ya kumbura a tsakar gida kamar saniyar da ta kwanta. Da injin wani mataccen firji yake matsa iskar cikin kwalabe.

Gawayin ya yi aikinsa a kan iskar, amma gangar kanta ba ta san da gawayi ba. Wari ya haura katanga. Maƙwabciyarmu, wata hajiya tsohuwa da kakanninta suka tako daga Kano da ƙafa don aikin hajji, ta shigo tana riƙe da hanci.

"'Yata, rabona da wannan wari tun ina yarinya, kuma ba a gidan kirki na ji shi ba."

Na ce mata iska muke tarawa. Ta dubi tayar, ta dube ni, ta yi salati ta fita.

Maigidana bai jira magana ta zaga unguwa ba, ya ɗauko limaminmu. Liman ya zagaya gangar, ya tsaya nesa kaɗan, ya dubi ƙanena.

"Ɗana, ka sha?"

"A'a, Malam."

"Ka sayar?"

"A'a, Malam. Iskar nake ɗiba."

Liman ya shafa gemu. Ya ce ya ga masu dafa wannan abu don ciki, ya ga masu dafawa don aljihu, bai taɓa ganin mai dafawa don numfashinsa ba. Iska dai ba ta da laifi. Amma abin da ke cikin gangar kada ya zauna haka a unguwa: a buɗe shi ya sha iska har ya koma khalli, ruwan tsamin nan da ake jiƙa kayan lambu da shi.

Ranar ɗanɗano ƙanena ya tara maƙwabta, ya ɗura wa zoɓo mai sanyi iskarsa. Da ya buɗe kwalbar farko ta yi 'yar ƙara kamar atishawar mage. Zoɓo ne dai, da ɗan tsikari, da ƙamshin taya a ƙarshe. Kowa ya ce ma sha Allah, ya ajiye kofinsa da saura.

Khallin kuwa da muka tura bayan ɗaki, matan da suka gudo daga Jazira masu tuyar ta'amiyya, ƙosan da ake ci da jiƙaƙƙen kayan lambu, suka ji labarinsa. Ɗaya ta ɗanɗana ta dawo da jarka, washegari ta dawo da ƙawayenta. Da wannan ruwan tsami ƙanena ya kama hayar gidansa, ya ƙara ganguna, ya mayar da yara makaranta.

Har yau duk garin Mai Khalli suke ce masa, kuma ba ya amsawa da daɗin rai. A allon ƙofar shagonsa lemo ya rubuta. Duk wanda ya zo sayen khalli sai ya tsiyaya masa kofin zoɓon kyauta, ya tsaya a kansa. Ni ma in na je sai na sha, ina haɗiyewa yana bin fuskata da kallo, yana tambayata ko na ji tsikarin ya ƙaru.